Mai Gilashi da Abokinsa Madalla

A layin da ke bayan tsohuwar tashar mota, tsakanin shagon mai walda da na mai ɗinkin kujeru, akwai wani shago da kowa ke shiga a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Dalili kuwa, duk inda ka juya gilashi ne a jingine da bango, manya a baya, ƙanana a gaba, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da tsohon kwali. A tsakiya akwai faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa bargo, bargon ya sha yanka har ba a gane asalin launinsa. Mai shagon gajere ne kakkaura, mai sanƙo tun yana saurayi, hannuwansa duk tabon yanka. Har 'ya'yansa in an tambaye su sunan ubansu sai sun ɗan yi tunani, don Mai Gilashi kowa ke ce masa.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun mutum ne mara yawan magana, abin da kawai ya nanata masa shi ne, in ka ɗora ƙarfen yanka a kan gilashi, ja ɗaya ake yi, ba a komawa a maimaita. Da wannan ya tashi. Yakan ɗora doguwar sandar awo, ya riƙe numfashi, ya ja ɗan ƙarfen nan mai ƙwayar lu'ulu'u a baki, ka ji wani siririn ƙara kamar ana yage sabon yadi, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabe biyu tsaf. In yana wannan aiki, ko mai ɗakinsa ce ta aiko ba ya amsawa sai ya gama.

Yana da 'ya'ya biyu maza a shekarar da yaƙi ya ɓarke a ƙasar da ke maƙwabtaka da su. Da farko a rediyo kawai ake jin labari. Daga baya sai ga manyan motoci suna shigowa tasha cike da mutane, mata rungume da jarirai, tsofaffi zaune a kan ƙunshin kaya, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya. Wanda bai ga garin a wannan lokaci ba, da wuya ya yarda in an ba shi labari. Hukuma ta buɗe wani tsohon sito na auduga aka sauke su, amma kafin hukuma ta motsa mutanen unguwa sun riga sun kai tabarmi da barguna. Mata suka haɗa murhu a bakin siton suna girki a manyan tukwane. Mai wanki ya kwashe kayan da masu su suka manta da su shekara da shekaru ya kai. Ƙanen Mai Gilashi, wanda direban bas ne a lokacin, ya yi ta jigilar marasa lafiya zuwa asibiti ba ya ko tsayawa ɗaukar fasinja. "Baƙinmu" ake ce musu, kuma kowa na faɗin kalmar da ɗan alfahari, kamar shi ya gayyato su.

Tagogin siton duk sun farfashe, ga damina ta kawo kai, sai dattawan unguwa suka ce Mai Gilashi ya je ya duba. Ya tura amalankensa ya je. Da ya taɓa katakon taga ta farko sai ya ruguje masa a hannu, gara ta gama da shi tun tuni. Yana tsaye yana tsaki, sai wani dogon mutum siriri ya taso daga cikin masu zaman, ya zo ya duba katakon, ya girgiza kai. Ya koma wajen kayansa ya kwance wani zanen goyo, sai ga zarto da kurfi da abin kankare katako a naɗe a ciki. Daga baya aka ji cewa da za su gudu, matarsa ta ɗauki yara da tukunya, shi kuma waɗannan ya ɗauka. Ya nuna wasu tsofaffin katakan da aka jibge a lungu, ya nuna tagar, ya nuna ƙirjinsa. Mai Gilashi ya matsa masa.

Ba mai jin harshen wani a cikinsu, amma kafin la'asar sun gama tagogin gefe guda. Dogon ya haɗa katako, gajeren ya auna ya yanka, gilashi ya zauna daram kamar tare aka halicce su. Da suka ɗaga ta farko, Mai Gilashi ya ja da baya ya dube ta ya ce, "Madalla!" Dogon ya dube shi, ya maimaita a hankali, "Ma-dal-la." Kalmarsa ta farko ke nan a harshen garin, kuma ya riƙe ta da hannu biyu. A ba shi ruwa, madalla. A ce masa ya matsa mota za ta wuce, madalla. Ranar da ta fi kowacce ita ce ranar da mai walda ya shigo da jajayen idanu yana ba da labarin an sace masa injin, dogon ya saurara da kyau har ƙarshe, ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Madalla." Da ƙyar aka riƙe mai walda. Daga ranar sunan ya bi shi, har 'ya'yansa ake ce wa 'ya'yan Madalla.

Bayan shagon akwai wani fili da aka rufe da kwano, inda kawu ke tara tarkace. Mai Gilashi ya share shi ya ce wa Madalla ya kawo kayan aikinsa. Ba su taɓa zama sun tsara yadda za a yi ba. Aiki ya zo, su yi tare, abin da aka samu su raba, shi ke nan. Mai ɗakin Mai Gilashi ce ta fara nuna damuwa.

"Malam, mutumin da ba ka san asalinsa ba, ka sa shi a bayan shagonka?"

"Na ga aikinsa," in ji shi.

"Aiki daban, hali daban."

"To ki je ki ga matarsa, ki dawo ki faɗa mini halin."

Ta je da niyyar leƙe, ta dawo bayan magariba ba mayafinta na ado, ta bar wa matar. Ba a yi wata biyu ba ta sa aka ba su hayar ɗaki biyu a gidan da ke jikin nasu. Katanga ce kawai tsakani, gajeriya, kuma ta kan katangar nan gishiri da allura da garwashi da labari suka riƙa tsallakawa safe da yamma. Da mai ɗakin Mai Gilashi ta zo haihuwar 'yarsu Auta, abin ya zo da gardama, naƙuda ta yi tsanani ga ruwan sama ya cike hanya mota ba ta iya shigowa, matar Madalla ce ta tsallako katangar da siket ɗinta a hannu. Ashe a garinsu ta yi aiki da ungozoma. Ita ta karɓi yarinyar, ita ta juya ta ta bubbuga bayanta har ta yi kuka. Auta ta tashi tana ce mata Inna, kuma in ta yi laifi a gida, can take gudu.

Shekarun da suka biyo baya su ne Mai Gilashi ke kira lokacin da layin ke layi. Baƙin sun bar sito sun bazu cikin unguwa. Wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe gidan burodi a kan kwana, tun da sassafe ƙamshi ke tashin mutane. Wani da aka ce malamin makaranta ne a can ya kafa tebur yana gyaran rediyo da agogo, gilashin idonsa ɗaure da zare. Wata tsohuwa tana cike ramin tufafi da allura yadda sai ka nema ka rasa inda ya yage. Shi kuwa shagon gilashi, abin da ya fito da sunansa shi ne kabad mai madubi. Madalla ya ƙera, ya sassaƙa 'yan furanni a goshinta irin na garinsu, Mai Gilashi ya sa madubi da gilashin ƙofa. Aka kai lokacin da duk amaryar da aka kai ɗakinta ba irin wannan kabad, sai ƙawaye su yi ta kallon bango suna taɓe baki.

Harshen Madalla ya warware har ya fi ƙarfin masu shi. Da hantsi in an kawo shayi, sukan zauna a kan benci a ƙofar shago suna tsokanar juna.

"Kai gajere, da ba don ni ba wa zai ɗora maka gilashi a tagar sama?"

"Da ba don ni ba, tagarka rami ce kawai a bango."

"Ramin ma ai iska na shiga."

"Da sauro."

Wani lokaci kuma Madalla yakan tsaya cak a tsakiyar aiki, abin kankare katako a hannu, idonsa a kan bango. Mai Gilashi ya koyi kada ya tambaye shi. Sau ɗaya kawai ya ba da labari da kansa, na wani ƙanensa da suka rabu a bakin gada, ƙanen ya ce masa ya wuce, shi zai biyo su da mahaifiyarsu. Bai ƙara komai a kai ba, ya ci gaba da kankare katakonsa.

Ba rana ɗaya abin ya juya ba. Masaƙar da ke ɗaukar rabin mazan garin ta fara rage ma'aikata, daga baya ta rufe gaba ɗaya. Haya ta hau. A asibiti sai mutum ya wuni a layi bai ga likita ba. Samari suka cika bakin titi ba abin yi. Sai wasu masu neman kujera suka gano inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi, suka riƙa shiga rediyo suna tambaya, wai su wa suka cinye ayyukan, su wa suka cika makarantu, su wa suka sa ɗan gari ya rasa ɗakin haya a garin ubansa. Mai Gilashi ya lura da yadda kalmar ta sauya a bakin mutane. "Baƙinmu" ta koma "baƙin nan", daga nan ta koma "mutanen nan", ana faɗa ana nuni da haɓa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne har cikin gidansu maganar ta shigo. Ƙanensa direba ya rasa aikinsa da kamfanin bas ya durƙushe, ya koma jiran wanda zai ba shi mota ya yi lodi ɗaya. Wata Juma'a ya zo gaishe da yayansa, ya tarar Madalla ya fita, sai ya zauna a kan bencin ya fara.

"Yaya, ni fa ban ce mutumin nan mugu ba ne. Amma ka duba. Ɗana ya gama koyon kafinta, ya zagaye garin nan bai samu inda zai raɓa ba. Kai kuma bayan shagonka na hannun wani."

"Ka turo shi ya zauna da Madalla, zai ƙaru."

"Ɗan gari ya zauna a ƙarƙashin baƙo? A shagon kawunmu?"

"Kai ne fa ka yi ta kwasarsu zuwa asibiti."

"Na yi, kuma ban yi nadama ba. Amma cewa aka yi za su ɗan fake, in ƙura ta lafa su koma. Yanzu ga jikokinsu. Mu ina za mu fake?"

Mai Gilashi ya san yunwar da ke gidan ƙanen gaskiya ce. Ya ce kawai, "Ba Madalla ne ya rufe masaƙa ba." Ƙanen ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce a gaida mutanen gida. Daga ranar ya rage zuwa.

A wajen aiki ma abin ya fara nunawa. Wata rana suka kai taga wani sabon gida, matar gidan ta leƙo ta ga Madalla, ta kira Mai Gilashi gefe ta ce ita dai ba ta son irin mutanen nan su san cikin gidanta. Ta yi maganar ƙasa-ƙasa, amma Madalla ya ji. Kafin abokinsa ya buɗe baki ya ajiye guduma ya ce, "Shiga ka ɗora, gajere. Ni dama ƙafata na ciwo." Ya zauna a kan dakalin waje cikin rana. Mai Gilashi ya ɗora tagar shi kaɗai, yana hawa kujera yana sauka, gumi na shiga masa ido. Washegari aka zo daga gidan da sauran aikin, ya ce a nemi wani, hannunsa ya cika.

Ranar jifa ta zo ne bayan wani taron siyasa da aka yi a filin ƙwallo. Tun safe ake yaɗa cewa wani baƙo ya soki wani ɗan gari a kasuwa. Daga baya ta bayyana faɗan 'yan caca ne, kuma duka biyun haihuwar garin ne, amma a lokacin ba mai tsayawa tambaya. Da la'asar taron ya watse ya biyo ta layin. Mai Gilashi ya tura Madalla cikin bayan shago ya ja ƙofa, ya fito ya tsaya a waje da sandar awonsa. Yana ji aka fara da gidan burodi. Ya san ƙarar fashewar gilashi fiye da kowa, har yana iya gane kaurinsa daga ƙarar, kuma kusan duk wanda ya fashe a ranar shi ya yanka shi da hannunsa. Aka kife teburin mai gyaran rediyo. Aka bi gidajen haya ana jifan tagogi, yara na ihu a ciki. Cikin masu jifan ya ga fuskokin da ya sani tun suna rarrafe, wasu ma burodin gidan suka ci suka girma. Da suka iso gabansa suka gan shi tsaye, wani ya ce, "Baba, matsa." Ya ce, "Zo ka matsar da ni." Suka yi ta hayaniya, sannan suka wuce.

Da gari ya waye layin ya yi tsit, ƙasa na ta ƙyalli da fasasshen gilashi. Mai Gilashi ya loda amalanke ya fara daga gidan burodi. Mai shayi ya hango shi ya ce, "Yau kam kasuwarka ta buɗe!" Da ya ga irin kallon da aka yi masa sai ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ya riga ya goge. Shi da Madalla suka bi gida-gida, suna ciro ragowar gilashi daga katako suna sa sabo, har abin da ke shagon ya ƙare, suka koma liƙa kwali da leda. Ba su kaɗai ba ne. Mata da yawa sun fito da tsintsiya, mai walda ya gyara ƙofar gidan burodi bai ce a ba shi komai ba. A gidan tsohuwa mai cike tufafi, Mai Gilashi ya tarar da ƙanensa a durƙushe yana tsince gilashi daga cikin tabarma. Ya je taron, kowa ya gan shi, amma ya rantse bai ɗaga dutse ba. Yayan bai tambaye shi ba, ya miƙa masa kwali ya zuba a ciki.

An gyara tagogi, amma zaman bai koma yadda yake ba. Masu burodi suka sayar da tanda suka tafi. Sai kuma doka ta sauya, aka ce yaƙin can ya ƙare, don haka takardar mafaka ba za a ƙara sabunta ta ba sai ga wanda ya cika wasu sharuɗɗa da ba mai gane kansu. Madalla ya yi ta zarya ofis, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Garinsu kuwa, waɗanda suka koma sun aiko cewa ko bango ɗaya bai rage ba, wasu ne ma ke noma a wurin. 'Ya'yansa da aka haifa a layin ba su san ko'ina ba sai nan. Ana cikin haka wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira ta samo musu gurbi a wata ƙasa mai nisa, mai sanyi. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya faɗa wa abokinsa, suna zaune a kan benci.

"Gajere, zan tafi."

"Ina?"

Ya faɗa masa.

"Da tsufanka za ka koma koyon wani madalla?"

Madalla ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ni na ƙoshi da gudu. Amma ranar nan ƙaramar jikata ta shige ƙarƙashin gado, har yau in an buga ƙofa da ƙarfi can take nufa. Ba zan iya kallon wannan ba."

Mai Gilashi ya so ya ce masa abin zai wuce, ya ga ba shi da tabbacin da zai ba shi. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Da safe suka tafi. Ƙanen Mai Gilashi ne ya aro mota ya zo da kansa, ba wanda ya aike shi, ya ɗaure kayan a sama ya ja igiya ya sake ja. Matan biyu suka rungume juna a ƙofar gida suna kuka kamar an yi mutuwa, Auta, wadda ta zama budurwa a lokacin, ta riƙe zanen Innarta sai da aka ɓamɓare hannunta. Mutanen layi suka fito, wasu suka zo suka yi musabaha, wasu suka tsaya daga nesa suna kallon ƙasa. Mazan biyu ba su iya dogon sallama ba. Madalla ya ce a riƙa rufe bayan shago in hadari ya taso, kwanon na yoyo ta gefen hagu. Mai Gilashi ya ce ya sani, ai shagonsa ne. Suka riƙe hannun juna har direba ya yi hon.

Bayan tafiyarsu masaƙa ba ta buɗe ba, haya ba ta sauko ba, layin asibiti bai ragu ba. Ɗan ƙanen ya karɓi bayan shagon, yaro ne mai ƙoƙari, amma zamani ya riga ya juya, tagar alminiyam ta shigo, ba mai son ta katako. Gidan burodi ya zama wurin cajin waya. A wajen mai shayi sai ka ji mutum yana cewa, "Kai, tun da mutanen nan suka tafi ban ƙara cin burodin kirki ba," kuma in ka duba da kyau, yana cikin waɗanda suka biyo taron a ranar. Mai Gilashi ba ya tanka musu. In ya ga dama ya ce, "Haka ne," ya kurɓi shayinsa.

Idonsa ya fara raunana, hannunsa ya fara rawa. 'Ya'yansa maza ɗaya ya shiga aikin gwamnati, ɗaya ya tafi wata ƙasa neman abinci, inda shi ma yake ba da labarin irin kallon da ake yi masa a cikin bas. Auta ce ta karɓi ƙarfen yankan. Tun tana ƙarama take tsayawa a bakin teburin, kuma da mijinta ya ga ba mai raba ta da shagon sai ya ƙyale ta. Mutane suka yi surutu suka gaji. Uban ya koma zaman benci, yana gyara mata awo da baki ko ba ta tambaya ba.

Ita ce ke haɗa shi da Madalla a waya lokaci-lokaci. Tsofaffin biyu sai su yi ta ihu kamar wayar ba ta kai murya. Madalla ya samu aiki a wani kamfanin kujeru inda inji ke yin komai, nasa kawai ya danna maɓalli. Ya ce can ba mai jifa, amma maƙwabcinsa shekara da shekaru bai taɓa amsa masa gaisuwa da fiye da ɗaga gira ba. Ya ce sanyi ya shiga ƙashinsa ya yi gida. Ya tambayi mai walda, ya tambayi mai shayi, har ƙanen direba yake tambaya, ya ce a ce masa ya rage gudu.

Wata ranar Talata da hantsi babban ɗan Madalla ya kira. Auta ta ɗauka, ta saurara, ta zauna a ƙasa a tsakiyar shago. Uban ya gane tun kafin ta yi magana. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon titi.

Ba wanda ya sanar, amma kafin azahar labari ya zaga layin. Mai walda ne ya fara zuwa, ya tsugunna ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Sai mai shayi, sai mai ɗinkin kujeru. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago. Mata suka nufi gida wajen mai ɗakinsa. Mutane suka yi ta zuwa har washegari, suna yi masa ta'aziyya kamar wanda ya rasa ɗan'uwa ciki ɗaya, don ba wani dangin mamacin da za a je wa a garin sai shi. Har da waɗanda a da suka ce masa ya matsa, yanzu da furfura a gemunsu da 'ya'yansu a gefe. Ya karɓi hannun kowa. Ƙanensa ya zauna a damansa yana amsa gaisuwa tare da shi, in wani ya tambaya me ya sami marigayin, shi ke bayani.

Bayan kwanaki ɗan Madalla ya sake kira don ya yi godiya. Harshensa ya ɗan karkace, amma maganar layin ce a bakinsa.

"Baba, har yanzu kana zama a ƙofar shago?"

"Ina zan je? Ina nan."

"Mai walda na nan?"

"Yana nan, ya kurmance, sai an yi masa ihu."

"Itacen nan na bakin famfo fa, da muke hawa?"

"An sare, an yi shago."

Can saurayin, wanda shi ma yanzu magidanci ne, ya ce, "Baba, don Allah kada ka kashe. Ka ɗan juya wayar wajen titi, ina so in ji."

Mai Gilashi ya dafa benci ya miƙe, ya taka zuwa bakin kwata, ya ɗaga wayar sama da hannu ɗaya. Injin walda na ƙara, wata mota na ta hon a bakin tasha, wata mata na ƙwala wa ɗanta kira, masu tura amalanke na cewa a ba su hanya. Hannun ya gaji, ya sauya zuwa ɗayan, ya ci gaba da riƙewa.